Usur ɗin da Muka Baro a Makka

Tun da na dawo daga Umra ban samu na yi ciniki cikin natsuwa ba. Mace za ta shigo shago, ta ɗaga turmin atamfa kamar saye za ta yi, sai ta ajiye ta gyara zama: "To Hajiya Asabe, ya Makkan?" Wata zinari take tambaya, wata dabino, wata kuma so take ta ji ko da gaske na ga Yaya Hauwa da idona. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma labarin ya fara dawo mini da ƙari. Shekaranjiya wata ta rantse mini wai ni ce na buga ƙwallo a Makka. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Daga yau wadda ta shigo shago, to saye ta zo yi.

Mu biyu muka tafi, ni da Salamatu. 'Yar yayata ce, amma a hannuna ta tashi. Uwarta, Yaya Hauwa, ta tafi aikin Hajji bayan rasuwar mijinta, lokacin Salamatu tana firamare. Aka gama aiki, jirgi ya dawo, ita ba ta dawo ba. Can ta zauna ba takarda, tana dafa abinci tana sayar wa alhazai, yau shekara ashirin da ɗoriya. Ni a lokacin dillanci nake yi gida-gida da ƙunshi a ka, ba shago ba mota.

Yarinyar nan tun tana ƙarama ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya. In an aike ta sayen manja, sai a same ta a bakin lungu ta dire kwalba tana buga ƙwallo da yara maza. Na yi faɗa har na gaji. Ranar da malamar wasanninsu ta zo har gida ta ce in je in gani, na je na tsaya a bakin fili. Ban san dokar wasan ba, amma na san kaya mai kyau in na gan shi. Washegari na shiga gwanjo na zaɓo mata takalmin ƙwallo. Daga makaranta wata ƙungiya a Kudu ta ɗauke ta, ta yi shekaru tana buga musu tsakiya, har hotonta ya fito a jarida. Sannan gwiwar hagu ta ba ta matsala, aka yi aiki, likita ya ce wasa ya ƙare. Ba ta zauna kuka ba. Ta shiga kwalejin ilimi ta karanci motsa jiki, da ta gama suka riƙe ta mataimakiyar kocin 'yan mata. Ita take bi gida-gida tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su yi wasa, ni nake raka ta, don magidanta sun fi sauraren mace mai shekaru. Da dogon wando da ɗankwali yaran suke buga wasansu, kuma da yawansu ba don ƙwallon ba, da ba su taka ƙofar kwaleji ba. Bana babban kocin ya yi ritaya, aka ce Salamatu ta hau wurinsa.

Sai ta ce su dakata mata sai ta dawo daga Makka.

Dalili shi ne uwarta. Wata hajiya 'yar unguwarmu ce ta tafi da hoton jaridar nan har Makka, ta buɗe shi a gaban matan da Yaya take sana'a tare da su. Tun daga ranar Yaya ta kafe a kan sai an bar ƙwallo. Ga shi Salamatu 'yar fari ce, Yaya kuwa mutuniyar da ce, ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yi mata magana kai tsaye. Duk waya ni ake kira.

"Asabe, 'yar taki ta bari?"

"Ba ta bari ba, Yaya."

"To, a gai da mutan gida." Ƙit, ta kashe.

Muna cikin jirgi, an gama raba abinci, Salamatu ta juyo ta ce, "Inna, in Umma ta ce in bari, bari zan yi."

"Ki bari ki yi me? Ki zo shago ki riƙa auna mini yadi, ke da ba ki bambance shadda da boyel?"

"Zan koya."

"'Yan matan naki fa?"

Ta juya ta kalli taga. "Na gaji da ɗaga kofi uwata tana kashe waya, Inna."

Na san ta. In ta faɗi abu da wannan muryar, ta gama magana. Tun daga nan na san tafiyar nan aiki biyu ce a kaina, ga ibada ga dillanci.

A Jidda lalle ne ya fara ba ni kunya. Kafin mu taso na sa an yi mini ƙunshi har yatsuna suka yi baƙi wuluk, wai in shiga ƙasa mai tsarki da ado. Ashe na'urar da ake ɗora yatsa a kanta ba ta son haka. Jami'ar da ke wurin, yarinya ce mai niƙabi, ta danna yatsana, ta goge gilashin, ta sake dannawa, na'ura ta ƙi. Ta fesa mini wani ruwa a hannu, ta ƙi. Layi ya yi tsawo a bayana, wani tsoho ɗan Gusau yana cewa, "Hajiya, biki kika zo ko Umra?" Da ƙyar ƙaramin yatsa ya cece ni, shi kaɗai mai ƙunshin ta yi wa rowa. Matan da ke shirin tafiya, ku bar lallen nan sai kun dawo.

Sai wajen kaya. Na ɗauko daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, na naɗe daddawar cikin leda, na sake naɗewa, na cusa ta a tsakiyar zannuwa. Mai duba kaya ya buɗe, ya ja da baya, ya toshe hanci. Abokin aikinsa, baƙi kamar ni, ya leƙo ya sheƙe da dariya. Da Hausa ya yi mini magana, wata Hausa mai nauyin harshe: "Hajja, daddawa ce? Kakata ba ta miya sai da ita. Yalla, wuce."

Motar da ta kai mu Makka sanyinta kamar cikin firji. Hanya shimfiɗe, ba rami ko ɗaya, ba wanda ya tsayar da mu neman na goro. Ana ta Labbaika har muka shiga gari. A Kudai muka sauka, a wani gidan haya mai hawa da yawa kusa da tashar motocin da ke kai mutane Harami. Ɗakin ba laifi, sai dai famfon da aka rubuta wa sanyi ruwan zafi yake kawowa, don rana ta gama dafa tankin. Da safe mukan sauka mu sayi wake da aka dama da mai, su ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Cin farko na ce wannan ai abincin marar lafiya ne. Kafin mu taho ni nake tashin Salamatu mu je kafin layi ya yi tsawo.

Na taɓa zuwa Hajji shekarun baya, amma cikin turmutsitsi, ban ga komai ba sai bayan mutane, ko Yaya ban samu na gani ba. Wannan karon na ga Ka'aba sosai. Ba zan iya kwatanta muku ba, kuma ba zan gwada ba. Na dai ga Salamatu, wadda aka yi wa aikin gwiwa ba ta zubar da hawaye ba, tana kuka kamar yarinya. A wajen Safa da Marwa kuwa sai da ta ba ni dariya ina tsakiyar addu'a. Akwai inda aka sa korayen fitilu, maza su yi sassarfa, mata su ci gaba da tafiyarsu. Da mazan suka zabura, ƙafar Salamatu ta zabura da su ba da saninta ba. Na cafko hijabinta ta baya.

"Ke, na maza ne!"

"Wallahi Inna ƙafar ce."

Yaya ta ce mu fara sauke Umra kafin mu zo wurinta, kuma wurin nata ba ya samuwa sai da ɗan gari. Don haka muka fara zuwa Utaibiyya, gidan Ummu Faisal. Abokiyar cinikina ce, na daɗe ina aika mata atamfa da leshi ta hannun alhazai, amma ba mu taɓa haɗuwa ba. Sunanta Zainabu, sai dai a can da sunan babban ɗa ake kiran uwa, abin da mu nan kunya ba za ta bar mu ba. A Makka aka haife ta, aka haifi ubanta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya bi ta Sudan. Tana ganina ta rungume ni, ta sumbaci kumatuna dama da hagu, ta koma dama, ni kuwa na sandare kamar itace.

"Ahlan, ahlan! Ya marhaba da mutan Kano! Ku shigo, gida gidanku ne, ma fi mushkila."

Aka kawo gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, kuma ko rabinsa ba a cika ba. Na ce a raina, duk girman gidan nan a yi mana wannan rowa? Na shanye, aka ƙara. Na shanye, aka ƙara. Ba na son in bar saura a ce na raina, ita kuma mai zubawa ba ta daina ba, har zuciyata ta fara bugawa kamar injin markaɗe. Sai Ummu Faisal ta lura, ta kama hannuna ta girgiza kofin. Ashe haka ake cewa ya isa. Ashe kuma in an cika maka kofi, to ana nufin ka sha ka tashi.

Mai zuba gahawar 'yarta ce, Amal, tana jami'a. Hausarta gutsi-gutsi ce, rabi Larabci. Tun da muka zauna take satar kallon Salamatu, can sai ta zaro waya ta nuna mana hoton 'yan matan kwaleji da kofi, wanda ni na taɓa tura wa uwarta.

"Ke ce? Wallah ke ce! Kabtin!" Haka suke kiran koci a can. Ashe ita ma tana buga ƙwallo da ƙawayenta, yanzu an ba mata dama a ƙasar, har makarantu suna da ƙungiya. Ita ce kuma ta ɗauko makulli ta tuƙa mu zuwa wurin Yaya, da abayarta da baƙin tabarau.

Ka'akiyya a bayan gari take, haya ta fi sauƙi. Ɗakin Yaya yana saman wani tudu, sai an bar mota an hau matakala. Tukwanenta sun fi gadonta cin wuri. Ta tsufa, gwiwoyinta sun kumbura, amma idon nan nata yana nan da kaifinsa. Ni da ita muka riƙe juna muka yi kukanmu. Salamatu ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Umma, ina wuni?"

Yaya ta kalli bango. "Lafiya lau. Asabe, 'yar taki ta yi tsawo."

Amal ta zaro ido. "Khala, ba bintinki ba ce, 'yarki? Shekara nawa! Ki rungume ta mana!"

"Ke 'yar Larabawa, rufe mini baki ki zauna."

Ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da na sha wuya a kanta. A kwano ɗaya muka ci. Na lura duk tsokar da ta fi kyau sai ta bi ta gefe ta tsaya a gaban Salamatu, Yaya kuwa tana ta ba ni labarin tsadar gas kamar ba hannunta ne yake turawa ba. Ganin haka ya sa na yi gaggawa. Na fara yabon kaya kamar sabuwar dillaliya: ga shugabanci za a ba ta, ga yaran da ta sa a makaranta, ga dogon wando.

"Asabe," in ji Yaya, "ni ba atamfa na zo saya ba, kada ki yi mini bakin kasuwa. Kin san abin da aka ce ranar da aka buɗe hoton nan? Ba wanda ya zagi yarinya. Cewa aka yi uwa ta zo ta zauna kusa da ɗakin Allah, ta bar 'yarta tana tsalle da gajeren wando a gaban maza. Ni aka zaga. Kuma ban da amsa, don na bar ta ɗin."

Salamatu ta buɗe jakarta ta ciro usur ɗinta, wanda take hura wa 'yan mata a fili, igiyarsa har ta koɗe. Ta ajiye shi a bakin tabarma.

"Inna, ki ce wa Umma ga shi. Abin da ta ce shi za a yi."

Yaya ta kalli usur ɗin. Ta ɗauke shi da yatsa biyu ta ɗora a kan firji. Na ji kamar an kwashe mini kaya a shago ina kallo.

Muna shirin tashi sai ga matan da suke ɗaukar abincinta suna kaiwa bakin masaukan alhazai. Ita yanzu ba ta fita, dafawa take yi tana rarraba su. Cikinsu akwai wata sabuwa 'yar Maraɗi, wadda 'yan baladiyya, masu hana talla a titi, suka ƙwace wa kula jiya. Yaya ta tsare ta.

"Da aka taso ku, ina kika bi?"

"Inda kowa ya bi, Hajja."

"Shi ya sa! Ku biyar ku cusa kai lungu ɗaya kamar tumaki? In an taso, ke ki yi gabas, waccan ta yi yamma. Kada ki kalli wanda ya biyo ki, ki kalli inda ba kowa. Kuma tun kafin ki dire kula ki san ta inda za ki fita."

Wata dattijuwa a cikinsu ta ce mini, "Hajiya, yayarki a zamaninta ba a taɓa kama ta ba. Da kula a ka take haura tudun nan, samari su tsaya suna haki."

A mota Salamatu ta ce a hankali, "Inna, abin da nake gaya wa 'yan matana kullum ke nan. Har da tumakin."

Ni kuwa lissafi nake yi. Abin da na koya a shekarun yawo gida-gida shi ne, in mace ta ce ba za ta saya ba, ba a musu da ita. Warware zanen ake yi a bar shi a kan gadonta, a ce za a je a sha ruwa.

Dama ta zo da kanta. An yi wa Ummu Faisal jika, za a yi walimar suna a istiraha. Wani fili ne mai katanga a bayan gari da ake haya don taro, ɓangaren maza daban, na mata daban, kuma a na matan akwai ɗan filin ƙwallo mai ciyawar roba. Yaya ce za ta yi tuwon taron, don duk kabsar da za a ci, wato dafa-dukarsu ta shinkafa da nama, tsofaffin gidan sai sun nemi tuwo. Na ja Ummu Faisal gefe na roƙe ta abu ɗaya: in Yaya ta gama, a ajiye mata kujera a inuwar da ke fuskantar filin, kada kowa ya ce mata komai.

"Shi ke nan? Tayyib," in ji ta, tana dariya.

Da la'asar sakaliya aka baje. Ga shinkafa da naman rago a manyan faranti a ƙasa, ba miya, ga tsirenmu na gida da ƙuli da yaji, su suna ce masa siriya, har suna gardama wai nasu ne. Da aka rufe ƙofa 'yan mata suka tuɓe abaya, sai ga riguna da wandunan wasa a ƙasa. Amal ta zo ta kama hannun Salamatu.

"Yalla Kabtin, ki zo ki tsara mu!"

"Na ajiye," in ji Salamatu. Ta zauna a tabarma kusa da ƙafata, ta naɗe hannu.

Suka fara. Ni da ban san wasa ba na san wannan ba wasa ba ne. Duk inda ƙwallo ta yi, nan za su ruga gaba ɗaya, a yi ta shuri da ihu, gefe guda na filin kuwa wayam. Akwai wata siririya mai jan ɗankwali da ta fi kowa gudu, amma kullum sai ta kutsa cikin taron a danne ta. Salamatu ta cusa bakin mayafinta a baki tana tauna. Yaya tana kan kujera, ta juya kai gefe tana jan carbi. Na ga carbin ya rage sauri. Na ga ya tsaya.

"Ji wannan," ta ce, kamar da kanta take. "Ji shirme."

Na ce, "Yaya, a ƙaro miki shayi?"

Ba ta ji ni ba. Mai jan ɗankwali ta sake kutsawa, ta sake faɗuwa. Sai Yaya ta buga hannu a kujera.

"Ke mai ja! Ina za ki cikin taro? Ga fili can ba kowa! Ki tsaya can a kawo miki!"

Yarinyar ba ta jin Hausa, ta tsaya tana kallonta. Matan wurin suka juyo. Yaya ta ga an gan ta, ta gyara mayafi, ta ɓata rai.

"Asabe, ki ce wa 'yar taki ta tashi ta gyara musu tsayuwa. Suna sa mini ciwon kai."

Ban kai ga buɗe baki ba Salamatu ta miƙe. Ba usur, ba Larabci, da doguwar rigarta ta biki. Tafi ta yi sau ɗaya, suka tsaya. Ta riƙa kama kafaɗar kowace tana kai ta inda za ta tsaya, ta nuna mata idonta, ta nuna mata fili. Mai jan ɗankwali ta kai ta can gefe ita kaɗai, yarinyar tana ƙunƙuni, ta ɗauka hukunci ne. Sannan ta karɓi ƙwallon ta taɓa ta da ƙafar dama, taɓawa ɗaya, ta tsallake kawunansu duka ta sauka a gaban yarinyar kamar da hannu aka ajiye. Rabona da ganin ta taɓa ƙwallo haka tun kafin aikin gwiwa. Yaya kuwa ba ta taɓa gani ba.

Aka ci gaba. Ba a jima ba Amal ta ɗaga kai, ta ga mai ja ita kaɗai, ta tura mata. Yarinya ta zura da gudu, ba kowa a gabanta, ta jefa a raga. Tsofaffi suka rangaɗa guɗa, ashe guɗarmu da tasu ɗaya ce. Na saci kallon Yaya. Ba ta yi guɗa ba. Ta koma jan carbinta ta ce, "Ai ga shi."

Kafin a kira magariba ta fara.

"Asabe, wandon nasu na can, har idon sawu yake kaiwa ko na ƙarya ne?"

"Har idon sawu, Yaya."

"In lokacin salla ya yi fa?"

"Tsayawa ake yi."

"Ita da take da ciwon gwiwa, tsayuwar nan ba ta yi mata yawa? Kuma ta rame. Ba kya ba ta abinci ne?"

Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya, ban ƙara ko kalma ba. A sana'ata, wadda ba za ta saya ba yabon kaya take yi ta tafi. Wadda ta zauna tana neman aibinsa, tana jan zare tana ɗaga shi a rana, ita ce mai saye. Amma ciniki bai faɗa ba tukuna, usur yana kan firji, kuma ban gaya wa Salamatu komai ba don kada in sa mata rai.

Ranar da za mu taho, Yaya ba ta iya raka mu tashar Kudai ba, wurin akwai masu duba takarda. Mu muka hau tudun da hantsi muka yi mata sallama. Ta haɗa mana dabino da turare da wasu baƙaƙen safa masu yawa da ba ta ce na wane ne ba. Salamatu ta durƙusa a inda ta durƙusa ranar farko. Na ga idonta ya je kan firji. Ba komai a wurin.

Yaya tana tsugune gaban tukunya, ta ba mu baya. Ta sa hannu cikin hijabinta ta jawo igiyar nan da ta koɗe, usur yana rataye a wuyanta.

"Abin nan ya fi muryata kai wa nesa," ta ce. "Jiya na ba mai duba mana 'yan baladiyya a bakin hanya ta gwada, ko kula ɗaya ba a rasa ba. Na riƙe." Ta ci gaba da tuƙa tuwo. "Asabe, ki ce wa 'yar taki in kun koma ta sayi wani."

Salamatu ta kifa kai a gwiwa.

"Ki ce mata kuma safar nan ta yaran ce. Allah ya yi mata albarka, ita da su. Ku tashi kada mota ta bar ku."

Har muka fita ba ta juyo ba. Amma da muka kai ƙasan matakala na waiga, na gan ta a bakin ƙofa da muciya a hannu.

Komowa ba wani labari, sai Zamzam da aka ce jarka ɗaya kowa, da wata hajiya da ta sa riguna bakwai a jikinta don kada kayanta su yi nauyi a sikeli. Salamatu ta karɓi aikinta. Sabon usur ni na saya, kuma ban nemi ragi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara kasuwa.

Makon jiya ina cikin auna wa wata leshi waya ta yi ƙara.

"Asabe, 'yar taki sun ci?"

"Kunnen doki aka yi, Yaya."

"Kunnen doki? Sun cunkushe ke nan. Tana kusa?"

"Ga ta nan."

"To sa wayar a amsa-kuwwa, ki ce mata ta saurara."